Ƙorafin da Muka Shigar Kan Soke Layin Bas na Unguwarmu

Ƙa'idar birnin da nake zaune ta tanadi cewa kafin hukumar sufuri ta soke wani layin bas, sai ta fitar da sanarwa, ta ba jama'a wa'adin da za su shigar da ƙorafi a rubuce, sannan kwamitin sufuri na majalisar birni ya yi zaman jin ra'ayi kafin a yanke hukunci. Layin da abin ya faɗo a kansa shi ne kaɗai yake haɗa unguwarmu da babban asibiti da kuma tsakiyar gari, inda ofisoshi suke, ba tare da mutum ya sauka ya sake neman wata mota ba. Sanarwar takarda ce guda da aka manna a jikin ƙarfen rumfar tasha, kuma dalilin da aka bayar bai wuce jimla ɗaya ba, wato fasinjoji sun yi ƙaranci, layin ba ya mayar da abin da ake kashewa a kansa. Mazauna unguwa suka kafa ɗan ƙaramin kwamiti da ya haɗa da wata malamar makaranta da ta yi ritaya, da wata ma'aikaciyar jinya, da wani tsohon direban bas, da wasu ɗalibai, ni kuma aka ɗora mini rubutu da zirga-zirgar ofis.

Aikin farko, wanda ya ci lokaci fiye da yadda ya cancanta, shi ne gano wanda za a kai wa ƙorafin. Hukumar sufuri ce take tsara layuka da jadawali, amma wani kamfani ne da ya ci kwangila yake tafiyar da motocin, rumfunan tasha suna ƙarƙashin sashen ayyuka, fitilun titi suna hannun wani sashen daban, kuɗin tallafi kuwa majalisa ce take ware shi a kasafin shekara. A kowane tebur na tsaya, amsar da nake samu ita ce wannan ba huruminsu ba ne, kuma abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Kowa yana riƙe da gutsuren aikin, amma babu mutum ɗaya da za a tambaya dalilin da ya sa mai zuwa asibiti yake shafe rabin safiyarsa a bakin titi. A ƙarshe magatakardan kwamitin majalisa ne ya fayyace mini hanya. Dattijo ne mai natsuwa, ya karɓi wasiƙata ya karanta a tsaye, sannan ya ce, "Malam, ka kawo kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Takardar da ba ta da hatimi, a wurinmu ba ta shigo ba." Wannan shawara ta yi mana amfani daga baya, domin an taɓa ce mana ba a ga ɗaya daga cikin wasiƙunmu ba, sai da na fito da kwafin mai hatimi aka koma aka lalubo ta.

Wasiƙar farko ba ƙorafi ba ce, neman bayanai ce. Mun tambayi adadin motocin da aka ware wa layin shekara bayan shekara, da tsofaffin jadawalai, da yawan sawun da aka tsara a yi da wanda aka yi da gaske, da kuma hanyar da aka bi wajen ƙirga fasinjojin da aka ce sun yi ƙaranci. Amsar ta zo dab da cikar wa'adi, kuma ba ta cika ba, domin an ce ba a ajiye lissafin sawun da aka fasa. Duk da haka abin da ya zo ya ishe mu. Da na jera shafin motoci kusa da shafin fasinjoji, sai na ga cewa a kowane karo rage motoci ne yake zuwa da farko, raguwar fasinjoji ta biyo baya, sannan a dogara da wannan raguwar a sake rage motoci. Sanarwar ta nuna kamar mutane ne suka guje wa bas har hukuma ta rasa yadda za ta yi, alhali takardun hukumar da kanta sun nuna bas ne ya fara janyewa. Lamarin ya yi kama da na mutumin da ya yi ta rage wa jakinsa harawa, sannan ya kira shaidu su ga yadda jakin ya kasa ɗaukar kaya.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan ba shi da wuya, kuma na ga ya dace in sa shi a takardar ƙorafi yadda kowane kansila zai gane. A ɗauka mota tana cin minti 60 kafin ta je ƙarshen layi ta dawo. Idan motoci 6 ne a kan layin, kowane minti 10 mota za ta iso tasha, kuma wanda ya fito ba tare da duba agogo ba zai jira kimanin minti 5. Idan aka mayar da su 3, tazarar ta zama minti 20, idan kuma ɗaya daga cikin ukun ta lalace ba a maye gurbinta ba, ta zama minti 30, a takarda ke nan. A kan titi abin ya fi haka muni, saboda motar da ta makara tana tarar da mutane sun taru da yawa, lodi ya ƙara ɓata mata lokaci, ta bayanta kuma ta tarar da tashoshi babu kowa har ta cim mata, sai ka ga motoci biyu sun iso a jere, ɗaya cike maƙil ɗaya kusan babu kowa, bayansu kuma sai dogon shiru. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Minnesota a Amurka, Herbert Mohring, ya yi bayanin wannan dangantaka tun a 1972. Ya nuna cewa lokacin jira wani ɓangare ne na abin da fasinja yake biya, don haka idan fasinjoji suka ƙaru aka ƙara motoci, jiran kowa yana raguwa, kuma kowane sabon fasinja yana amfanar sauran. Da wannan ya kafa hujjar cewa sufurin jama'a ya cancanci tallafi. Abin da ya faru da layinmu shi ne wannan lissafin ya juya da baya: duk wanda ya gaji ya daina hawa, ya ƙara wa waɗanda suka rage tsawon jira.

Tsohon direban da ke cikin kwamitinmu ne ya ce ba za mu fahimci takardun ba sai mun ga gareji, kuma ta hanyar tsofaffin abokan aikinsa aka bar mu muka shiga. A bayan ginin akwai layin motoci da aka ɗora a kan duwatsu da guntayen katako, babu tayoyi, wasu babu gilashi, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Babban bakaniken ya kai mu wurin wata wadda jikinta bai ko kwarzane ba, kujerunta ma ba su yage ba, ya buɗe murfin injin ya nuna mana ramukan da aka ciro abubuwa. Ya ce abin da ya fara ajiye ta famfon mai ne kawai, aka rubuta neman sabo, kuɗin bai fito ba, ana cikin jira wata motar ta buƙaci batir aka ɗauki nata, wata ta buƙaci lagireto aka ɗauka, har ta kai ga ko famfon ya zo ba abin da zai tayar. Ya dubi tsohon direban ya ce, "Baba, kai shaida ne, a da kowace mota tana da ranar da take shiga sabis ko ba ta yi ƙorafi ba. Yanzu sai ta tsaya a titi muke ganinta." Ban ga alamar lalaci a wurin nan ba. Na ga mutanen da suke haɗa mota guda mai tafiya daga gawarwakin motoci uku, kuma a rijistar hukuma duk huɗun ana lissafa su cikin dukiyar da birni ya mallaka.

Dalilin da ya sa haka take faruwa yana cikin yadda ake raba kasafi. Sayen sababbin motoci yana shiga ɓangaren manyan ayyuka, ana iya samun rance ko gudummawa a kansa, ana yin bikin ƙaddamarwa, ana ɗaukar hoto. Man birki da tayoyi da albashin kanikawa kuwa suna cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wanda shi ne farkon abin da ake datsewa idan kuɗi suka yi ƙaranci, tun da jinkirta gyara ba ya nuna illarsa a shekarar da aka yi shi. Wanda ya datse kuɗin yakan bar kujera kafin motocin su fara zubewa, wanda ya gaje shi kuma ya tarar da gyaran da ya taru ya fi ƙarfin kasafin shekara guda.

Game da ƙirgen fasinjoji, amsar hukuma ta ce an dogara ne da tikitin da aka yanka a cikin wasu 'yan kwanaki da aka zaɓa. Wannan ya tuna mini da rahoton Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, na 1963, wanda ya ba da shawarar rufe tashoshin jirgin ƙasa fiye da 2,300 da layin dogo mai tsawon kusan mil 5,000, kuma babban ƙirgen da aka dogara da shi an yi shi ne a cikin mako guda na watan Afrilun 1961. Tikiti yana nuna wanda ya samu ya hau, amma ba ya nuna wanda ya zo ya jira ya haƙura. Saboda haka muka raba kanmu, ɗalibai suka ɗauki safiya, mu manya muka ɗauki rana da yamma, kowa da littafi, muna rubuta lokacin da mota ta iso, da mutanen da suka hau, da waɗanda suka bar tasha kafin ta iso, da abin da suka shiga. Shafin waɗanda suka haƙura shi ne ya fi cika. Wasu suna tare ƙananan motocin haya, wasu suna hawa babur, wasu suna kama hanya a ƙafa, kuma duk waɗannan a lissafin hukuma ba su taɓa neman bas ba.

Akwai wata tsohuwa da na sha gani a lokacin da nake wannan aiki. Takan zo da katin asibiti a cikin jakar leda, ta zauna a kan dakalin da ya rage daga bencin tasha, ta sa jakar a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Na tambaye ta, "Iya, me ya sa ba kya shiga ƙananan motocin nan?" Ta ce ƙafarta ba ta iya naɗuwa a cikinsu, kuma ba sa kaiwa ƙofar asibiti, a babban titi suke sauke mutum. Ta ce a da a ƙaramin asibitin unguwa ake duba mata hawan jini, sai aka rufe shi aka ce kowa ya koma babba. Na nemi takardar da aka yi wannan haɗewa da ita, kuma a cikin dalilan da aka kawo har da cewa akwai layin bas da yake kai mutanen unguwa babban asibiti kai tsaye. Wato sashen lafiya ya rufe asibiti yana dogara da bas, hukumar sufuri kuma tana shirin soke bas ba tare da ta san an dogara da ita ba. Kowane ɓangare ya nuna ya yi tsimin kuɗi a littafinsa, kuɗin kuma bai ɓace ba, ya koma aljihun marar lafiya da ƙafafunsa.

Haka abin yake da fitilun titi. Hukuma ta kawo ƙarancin fasinjojin dare a matsayin hujja mafi ƙarfi, amma fitilun da ke kusa da tashoshi biyu na unguwarmu sun daɗe da mutuwa, kuma ma'aikaciyar jinyar da ke cikinmu ta faɗa ƙarara cewa babu macen da za ta tsaya a cikin wannan duhu tana jiran motar da ba ta san lokacin zuwanta ba. Wanda yake son ganin inda irin wannan sarƙaƙiya take kaiwa, sai ya dubi birnin Detroit na Amurka, wanda yawan mutanensa ya faɗo daga kimanin miliyan 1.8 a 1950 zuwa kusan 714,000 a 2010. Masu biyan haraji sun ragu, tituna da bututu da wayoyin da za a kula da su ba su ragu ba, kuma lokacin da birnin ya shigar da takardar karayar arziki a watan Yulin 2013, kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titinsa ba sa aiki. Sai da aka kafa hukuma ta musamman kafin a ƙarshen 2016 aka kammala sa sababbin fitilu kusan 65,000. Birninmu bai kai nan ba, kuma ban sa wannan misali a takarda don tsoratarwa ba, na sa shi ne don in nuna cewa ayyukan birni a ɗaure suke da juna, ba a yanke ɗaya sauran su zauna lafiya.

Tattara sa hannu ya zo da sauƙi a tasha, ya yi wuya a gidaje. Mutanen da suka san kansiloli, waɗanda wayarsu ɗaya za ta iya sa a sake duba magana, su ne suka fi ce mana sun daɗe rabonsu da bas. Sukan yi mana fatan alheri, wasu su sa hannu don kunya, amma ba wanda ya ce zai zo zaman majalisa. Ban ga laifinsu ba, domin mutum ya sayi mota ne bayan bas ya sha ba shi kunya a wurin aiki. Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya rubuta a kan wannan a 1970, kuma abin da ya fara jawo hankalinsa shi ne jirgin ƙasan Nijeriya da ya gani a shekarun 1960. Ya lura cewa gasar da manyan motocin ɗaukar kaya suke yi da jirgin ba ta sa hukumar jirgin ta gyara aikinta ba, saboda abokan cinikin da suka fi damuwa da inganci, waɗanda da su ne za su ɗaga murya, sun samu mafita sun fice, asarar kuɗin kuma baitulmali ne yake cikewa. Ficewar masu hali tana kashe muryar da za ta nemi gyara. A unguwarmu waɗanda suka rage a kan bas su ne tsofaffi, da ɗalibai, da masu aikin da ba a ba su izinin fita da rana, wato mutanen da suka fi buƙatar layin kuma suka fi ƙarancin damar kare shi.

Wajen rubuta ainihin ƙorafin mun yi saɓani a kwamiti. Malamar da ta yi ritaya tana ganin mu tsaya a kan buƙata ɗaya tak, kada a soke, domin yawan buƙatu yana ba hukuma damar zaɓar mafi sauƙi ta ce ta amsa. Ni kuwa ina ganin idan aka bar layin yadda yake, ba a fasa sokewa ba, an ɗaga ranar ne kawai, tun da motar da ba a san lokacinta ba za ta ci gaba da korar fasinja har shekara mai zuwa a dawo da sanarwa da alƙaluman da suka fi na bana muni. Bayan doguwar muhawara muka tsaya a tsakiya. Mun nemi a bar layin, a miƙe hanyarsa ta hanyar cire wani lanƙwasa da yake yi cikin wasu lunguna inda kusan babu mai hawa, a yi amfani da mintunan da aka samu a rage tazara, a gyara fitilun tashoshi biyun, a gwada haka na tsawon lokacin da zai isa mutane su sake yarda da motar, kuma a riƙa wallafa adadin sawun da aka yi da wanda aka fasa. Mun kawo misalin birnin Houston na Amurka, wanda a watan Agustan 2015 ya sake zana layukan bas ɗinsa gaba ɗaya, ya miƙe su, ya yawaita waɗanda mota ke zuwa akai-akai, ba tare da dogara da wani babban ƙarin kuɗin gudanarwa ba. Mun kuma kawo Seoul ta Koriya ta Kudu, inda a watan Yulin 2004 gwamnatin birni ta karɓi ikon tsara layuka da tattara kuɗin tikiti, ta koma biyan kamfanoni bisa tafiyar da motocinsu suka yi maimakon yawan mutanen da suka cusa a ciki.

An sa zaman jin ra'ayi a ranar aiki da hantsi, lokacin da mafi yawan masu hawa bas suke wurin neman abinci, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi niyyar zuwa sun iso bayan an wuce batunmu, saboda layin da ake magana a kansa shi ne suka jira. Layinmu yana can ƙasan ajanda, bayan batun kwangilar fentin titi. Jami'in tsare-tsare na hukuma ne ya fara magana, kuma dole in ce ya yi ta da gaskiya. Ya ce kuɗin da majalisa ta ba shi yana sayen sa'o'in aiki ne masu iyaka, kuma kowace sa'a da mota ta yi a layinmu an ɗauke ta ne daga wani layin da mutane suke rataye a ƙofa. Ya ce ana neman abu biyu daga gare shi da ba sa haɗuwa, a ce ya cika motoci da fasinja kuma a ce ya kai mota kowane lungu, kuma majalisa ba ta taɓa gaya masa kashi nawa na kuɗin zai ba kowanne ba. A ganina wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi a zauren, kuma da kansiloli yake, ko da yake babu wanda ya amsa ta a cikinsu.

Wani kansila ya ce shi bai ga abin tayar da hankali ba, tun da masu ƙananan motoci sun riga sun cike gurbin, a bar kasuwa ta yi aikinta. Da aka ba ni 'yan mintunan da aka ware wa kowane mai ƙorafi, na fara da wannan. Na ce, "Ranka ya daɗe, masu ƙananan motoci suna zuwa ne a lokacin da mutane suka yi yawa, a kan titin da ya fi ciniki. Littafinmu ya nuna bayan magariba ba sa shigowa unguwa, kuma ba sa ɗaukar mai keken guragu." Na tuna wa kwamitin cewa Birtaniya ta gwada wannan hanya da dokar sufuri ta 1985, wadda daga watan Oktoban 1986 ta sakar wa kamfanoni layukan bas a wajen Landan, kowa ya bi inda ya ga riba, yayin da Landan ta ci gaba da tsara layukanta tana ba da su kwangila. A shekarun da suka biyo baya hawan bas ya ragu sosai a manyan biranen Ingila da ke wajen Landan, a Landan kuwa ya ƙaru, kuma a watan Satumban 2023 yankin Manchester ya fara mayar da motocinsa ƙarƙashin ikon hukuma. Daga nan na ɗaga shafuka biyun, na motoci da na fasinjoji, na roƙi shugabar kwamitin ta dubi shekarun da kanta. Ta sa tabarau ta duba, ta juya ga jami'in ta tambaye shi ko gaskiya ne rage motoci ne ya riga raguwar fasinja. Ya ce haka ne. Ta tambaye shi sawu nawa aka fasa a shekarar da aka yi ƙirge. Ya ce kamfanin ne yake da wannan lissafi, wakilin kamfanin kuma ya ce kwangilarsu ba ta wajabta musu ajiye shi ba. Ma'aikaciyar jinyar ta yi magana bayana, ba ta kawo alƙalami ko ɗaya ba, ta faɗi lokacin da take tashi daga aikin dare da yadda take komawa gida, sannan ta miƙa takardar haɗe asibitocin, wadda a bayyane yake yawancin kansilolin ba su taɓa gani ba.

Ba a yanke hukunci a ranar ba, an mayar da batun ga hukuma ta sake nazari, kuma bayan wasu makonni wasiƙa ta iso ta hannun magatakarda. An janye sokewar. An amince da miƙe hanyar, an kuma yi alkawarin tazara tsayayya da safe da yamma a ranakun aiki, a matsayin gwaji da za a sake dubawa a zagayen kasafi mai zuwa. An cire sawun dare gaba ɗaya, an rage na ƙarshen mako, batun fitilu an ce an tura shi sashen da abin ya shafa. Buƙatar wallafa sawun da aka fasa, wadda ni a wurina ita ce mafi muhimmanci kuma ba ta cin kuɗin a zo a gani, an ce sai lokacin sabunta kwangilar kamfanin za a duba ta.

Tun da aka fara gwajin, motocin safe suna zuwa kusa da lokacin da aka rubuta, kuma na ga fuskokin da suka daɗe da barin tasha sun fara dawowa, ko da yake rana guda da mota ta ƙi zuwa tana mayar da wasunsu kan babur na tsawon mako. Ma'aikaciyar jinyar ba ta samu komai ba, domin sawun da take buƙata shi ne aka cire, fitilun kuma har yanzu ba su kama ba. Da yake ƙirgen da za a yanke hukuncin gwajin da shi na tikiti ne kamar na baya, kwamitinmu bai rushe ba. Ɗaliban sun mayar da littafin tasha zuwa wani fom da ake cikewa ta waya, muna rubuta kowane sawun da aka fasa da ranarsa da lokacinsa, kuma a ƙarshen kowane wata nakan kai wa magatakarda kwafi biyu. Mun kuma rubuta wa kwamitin lafiya na majalisa muna neman a gayyace shi zaman da za a sake duba layin, tun da takardar haɗe asibitocin ta dogara da layin, kuma muna jiran amsa.